Sawun Jar Kamaro

Baturen bai ɗaga murya ba, kuma hakan ne ya fi ƙona wa Bu Jasim rai. Ya zagaya jar motar nan a hankali. Ya ɗora ɗan maganaɗisu a ƙofa, ya kama. Ya ɗora a gefen baya, ya faɗo ƙasa. Ya leƙa ɗan ƙarfen lamba da ke ƙarƙashin gilashin gaba, ya sa farce ya taɓa ƙusoshin da suka riƙe shi, ya girgiza kai. Da ya ɗaga shimfiɗar ƙasa kuwa sai ga layin walda ya ratsa motar daga wannan gefe zuwa wancan. Ya goge hannu ya ce wannan ba Kamaron 1969 ba ce. Motoci biyu aka yanka aka haɗa, aka cike ramuka da fila, aka zuba fenti. Lambar ma daga jikin wata aka ciro.

Bu Jasim attajiri ne, yana da izba a wajen Doha, wato garken da yake ajiye raƙuma da motocin da ba ya hawa. Irin wannan mota mahaifinsa ya taɓa mallaka, kuma tun yana yaro yake mafarkinta. Ranar Alhamis wani mai sayar da tsofaffin motoci da ake kira Marwan ya kawo ta a bayan babbar mota, aka sauke a izba, aka ce ta kwana biyu a duba ta kafin a yi ciniki. A ranar Zulkiflu, bakaniken da ke kula da motocin gidan shekara da shekaru, ya shiga ƙarƙashinta ya fito ya ce lafiya lau, ta asali ce. Yau Asabar ga Baturen da Bu Jasim ya ɗauko, masanin tsofaffin motoci, yana cewa ganga ce aka yi wa kwalliya.

Marwan ya ɗora hannu a kai ya fasa ihu.

"Wannan ba motata ba ce! Ta asali na kawo, an musanya mini ita a gidanka, Bu Jasim!"

Aka juya ga Zulkiflu. Ya sunkuyar da kai kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Wallahi wadda na duba ranar Alhamis babu walda a cikinta," in ji shi.

Wani ya ruga ƙofar baya ya dawo yana haki. Ga sawun taya ya fita cikin daji, ga sawun taya ya shigo. Nan take idanu suka koma kan mai gadi, Auta, wanda mukullin motar yake rataye a ɗakinsa.

Dogara yana tsaye can gefe da igiyar raƙumi a hannu. Mutumin Maigatari ne, ya ba hamsin baya. A gida sana'arsa bin sawun shanun sata, har cikin Nijar yakan bi su. A nan kuma raƙuman Bu Jasim yake kiwo, idan ɗaya ya ɓace shi ke nemo shi. An san shi da abu biyu, ido da zuciya, kuma zuciyar ta fi saurin tashi. Auta ƙanen matarsa ne, shi ya yi masa hanya ya zo ƙasar nan.

"Ku kulle shi a ɗakin ciyawa," in ji Bu Jasim, yana lalubo wayarsa. "Khalas, magana ta ƙare. 'Yan sanda su zo su tafi da shi."

Dogara ya yar da igiya ya sha gabansa. Larabcinsa na makiyaya ne, babu ado, amma yana isar da saƙo.

"Allah ya ja da ranka, ka ba ni zuwa la'asar ta gobe. Kada kowa ya taka ƙofar baya."

"Ɗan'uwanka ne, za ka kare shi."

"In shi ne, ni zan kai shi da hannuna."

Bu Jasim ya daɗe yana kallonsa, sannan ya mayar da wayar aljihu. Dukansu sun san abin da satar irin wannan mota take nufi ga baƙo: kurkuku mai tsawo, sannan jirgi, ba kuma dawowa.

*

Auta yana zaune a kan damin ciyawa, babban mutum mai gemu, lokacin da Dogara ya shigo.

"Yaya, wallahi ban tashi daga ƙofar nan ba. Tun Alhamis."

"Sake faɗa."

"Ban tashi ba, Yaya."

Dogara ya cafki wuyan rigarsa ya ɗaga shi tsaye.

"Ni za ka yi wa ƙarya? Ni? Silifas ɗinka na dama ya cinye ta waje, tun kana yaro haka kake tafiya kamar agwagwa. Na ga sawunka ya fita ta ƙaramar ƙofa ya nufi masallacin ma'aikata. Ina neman hanyar fitar da kai, kana toshe ta da bakinka!"

Auta ya fashe da kuka.

"Juma'a na tafi. Kullum ina zuwa, ba wanda ya taɓa magana. Daga can motar 'yan unguwar Mansura ta kwashe mu zuwa cin tuwo, sai bayan la'asar na dawo. Na ji tsoro ne, Yaya. In na ce na bar ƙofa ai na gama kaina."

"Mukulli fa?"

"Yana inda na bar shi. Na kulle ɗakin, na tarar da shi a kulle."

"Wa ya san kana barin ƙofa ranar Juma'a?"

"Duk wanda muke cin tuwo tare."

Dogara ya sake shi. Wannan amsa ba ta yi masa daɗi ba ko kaɗan, don masu cin tuwon nan duk 'yan gida ne.

*

A Mansura, a hawa na biyu na wani tsohon gini mai warin girki da jiƙaƙƙun kaya, akwai ɗakin Malam Ɗantala, dattijon da 'yan Arewa suka ɗauka a matsayin babba. A nan ake tuwon Juma'a, a nan ake sasanta rigima. Dogara ya isa bayan magariba, ya tarar an idar da salla. Zulkiflu ne ya ja, kamar kullum, don shi ne mai karatu a cikinsu, kuma 'yar Malam Ɗantala yake aure.

Ashe labari ya riga shi zuwa, har an yanke hukunci an sha shayi a kai.

"Dogara, ka yi haƙuri," in ji Malam Ɗantala. "Yaron nan ya jawo mana. Gobe duk kafil ɗin, duk ubangidan da ke da Bahaushe a ƙofarsa, zai fara kallonsa a karkace. Gara ya amsa laifinsa shi kaɗai, a wuce wurin."

"Wane laifi, Malam?"

"To wa zai musanya mota ba da sanin mai gadi ba?"

"A gabanku ya ci tuwo ranar Juma'a."

"Wannan ai shi ne dabarar," wani direba ya ce daga lungu. "Ya bar musu ƙofa, ya zo nan don a gan shi."

Sauran suka gyaɗa kai. Mutanen da Auta ya sha yi wa diyuti idan ba su da lafiya, yau ko ɗaya bai ce a dakata a bincika ba. Tsoro ne fal cikinsu, sun kuma samu wanda za su miƙa don a ƙyale su. Dogara ya ji kamar ya kife farantin shayin a kansu.

Zulkiflu ya yi gyaran murya, yana jan carbi.

"Yaya Dogara, ni abin ya fi damuna, don ni na duba motar. Amma ɗan Adam ajizi ne. Wataƙila an ruɗe shi ne. Mu yi masa addu'a."

"Riƙe addu'arka tukuna. Kai ina ka yi Juma'a?"

"A unguwar gareji, kusa da aiki. Shi ya sa na zo tuwo a makare."

"Kowa da kowa za ka tambaya ke nan?" in ji Malam Ɗantala a fusace. "Mu ne ɓarayin?"

"Ban sani ba tukuna, Malam."

Ya fita bai yi sallama ba.

*

Da gari ya waye ya tsaya a ƙofar baya. An yi yayyafi daren Alhamis, irin ruwan sanyin nan da ya dami Doha a shekarar wasannin Asiya, ƙasar gishirin da ke bayan izba ta jiƙe ta yi laushi, sannan rana ta busar da ita ta yi tauri. Duk abin da ya taka ta ranar Juma'a yana nan kwance raɗau.

Sawun ƙafar mutumin da ya fita da motar bai ce komai ba. Takalmin aiki ne irin wanda rabin ma'aikatan ƙasar ke sawa, ya taho daga kwalta ya koma kwalta. Dogara ya tsuguna a kan sawun taya. A layin da ya fita, tayar baya ta hagu tana da ɗan tsagu, duk juyi sai ta buga shi a ƙasa kamar tsagar fuska. Ya matsa zuwa layin da ya shigo. Ga tsagun nan, a tayar baya ta hagu.

Ya miƙe ya tofar da yawu. Motar da ta fita ita ce ta dawo. Ba a musanya komai ba. Wani ne ya zagaya da ita don kawai a ga sawu a ce an yi sata.

Ya bi layin cikin daji. Ba nisa sosai, bayan wani tudun yashi da ke kare mutum daga idon izba, motar ta yi kwana ta tsaya. A nan ƙasa ta yi jan tabo inda ruwan tsatsa ya zuba. Lagireto ya tafasa ke nan, gangar ba ta iya ko wannan 'yar tafiya ba. Ga robar ruwa babu komai a ciki, an juye ta a injin. Ga inda mutumin ya yi ta kai da kawowa yana jiran ta huce. A bayan inda taya ta tsaya kuma ga dutse, an ɗauko shi daga gefe an tare ta da shi.

A fili shimfiɗaɗɗe kamar faranti, wa zai tare taya da dutse? Sai wanda hannunsa ya saba tun yana yaron mota. Dogara ya san mutum ɗaya da kullum yake ba da labarin shekarunsa a bayan manyan motocin katako, kuma shi ne dillalin da ya haɗa Marwan da Bu Jasim.

*

Aruna, dillalin nan, ɗan Zangon Kumasi ne, yana zaune a unguwar Bin Omran. Dogara ya same shi a ƙofar shagon shayi yana karyawa, ya ajiye dutsen a kan teburinsa har kofi ya yi tsalle.

"Ka san wannan?"

"Dutse ne, masa. Lafiya?" in ji Aruna, da "masa" ɗin nan ta 'yan Zango, wato maigida.

"Kai ne yaron mota. Kai ne dillali. Kai ka kawo mana ɓarawon nan da gangarsa!"

Aruna ya miƙe, shi ma ba kanwar lasa ba ne.

"Ka sauke murya, Yaya Dogara, ni ba yaronka ba ne! Dutse, dutse! Duk fita da ya taɓa shiga ƙarƙashin mota yana sa dutse. Ni mota nan sau ɗaya na gan shi, yana ƙyalli, na ce Bu Jasim zai so shi. Ban san cikin mota ba, baki nake sayarwa."

Fita, a bakin mutanen Zango, shi ne bakanike. Dogara ya ji wannan ya ajiye a ransa.

"Wa ya san Bature zai zo?"

"Alhamis da yamma Bu Jasim ya gaya mini. Na buga ma Marwan waya. Ya yi shiru har na ce layi ya yanke."

"Juma'a kana ina?"

"Sahu na gaba, nan masallacin bayanmu. Ka tambayi liman, ka tambayi mai shayi. Ni zan bar Juma'a don mota? Wanda ya yi aikin nan dai ya bar Juma'a, shi da Allah."

Dogara ya tsaya cak. Mutumin ya rasa Juma'a. Motar ta mace masa a daji, ya zauna jira, lokacin azahar yana wucewa, ruwansa kuma ya juye a lagireto. Idan mai salla ne, me ya yi?

Ya bar dutsen a kan teburin ya fita da sauri. Aruna yana binsa da faɗa, wai ko haƙuri ba a ba shi ba.

*

Ya koma bayan tudun. A ƙasar nan alƙibla tana yamma, don haka yammacin inda motar ta tsaya ya fara dubawa. Babu komai. Ya zagaya kudu, ya zagaya arewa. Har ya fara zagin kansa, sai ya hango wurin a ɓangaren da bai yi zato ba.

Tafin hannu biyu, an buga su a ƙasa an yi taimama. Gaba kaɗan ga gurbin gwiwoyi, ga na goshi da hanci. Dogara ya tsaya a bayan gurbin ya kalli inda goshin ya nufa, sai ya hango dogayen gine-ginen Doha can cikin hazo. Mutumin gabas ya kalla. Ya ba Makka baya.

Balarabe ba zai yi haka ba. 'Yan Indiya da Pakistan ma tun a gidajensu yamma suke kallo. Sai wanda aka haifa yana jin ana cewa a fuskanci gabas, wanda a nan kullum cikin ɗaki yake salla inda aka manna alama a bango, ranar da ya samu kansa a fili hankali a tashe sai jikinsa ya koma gida. Dogara ya zauna a ƙasa. Da ma ya zata, amma gani daban ne. Ɗan gida ne. Ya shirya wa Auta kurkuku, sannan ya tsaya ya ba Allah hakkinsa a kan lokaci.

Ya sake duban tafukan. Na dama lafiyayye ne. A na hagu ƙaramin yatsa bai kwanta ba, ya karkace waje, kansa kaɗai ya taɓa ƙasa. Tsohuwar karaya ce da ba a ɗora daidai ba. Ya yi ta laluben ƙwaƙwalwarsa bai tuna mai irin wannan yatsa ba. Da dama ake gaisawa, da dama ake cin tuwo. Wa ke kallon hagun mutum?

Ya ɗauko babban kwanon da ake ba raƙuma ruwa ya kife a kan wurin.

*

Ya roƙi Bu Jasim abu ɗaya, a tara mutane a bayan tudun kafin la'asar. Shi da kansa ya ɗauki motar izba ya kwaso Malam Ɗantala da Zulkiflu da Aruna da wasu direbobi biyu na ɗakin tuwo, daga wuraren aikinsu, ya kuma tabbata babu ko ɗigon ruwa a motar. Bu Jasim ya taho da Marwan a tasa. Aka fito da Auta, ciyawa duk a gemunsa.

Dogara ya nuna musu tsagun taya a layin fita, ya nuna a layin dawowa, ya nuna inda aka yi kwana.

"Mota ɗaya ce, Allah ya ja da ranka. Ba a sace ta asali ba, don ba a taɓa kawo ta ba. Da aka ji Bature zai zo, sai aka zagaya da wannan don a ce an musanya."

Fuskar Marwan ta canza, amma bakinsa bai mutu ba.

"Sawu! Za ka yarda da zane a yashi? Mai gadin ne ya fita da ita, mukulli a ɗakinsa yake!"

Bu Jasim ya ja shi gefe wajen motarsa, ana jin tashin muryoyinsu. Dogara ya dubi rana ya juya ga 'yan'uwansa da Hausa.

"La'asar ta yi. Babu ruwa, sai taimama."

Ya nuna musu wani wuri mai laushi a gindin tudu. Suka jera suka tsuguna, kowa ya buga tafukansa. Dogara ya bi bayansu a hankali yana duban ƙasa. Na Aruna lafiya. Na Malam Ɗantala lafiya. Na Auta, na direbobi, duk lafiya. A na ƙarshe ya tsaya.

Zulkiflu ya karkaɗe hannu ya wuce gaba zai ja salla, ya tsaya yana gyara hula.

"Dakata, liman," in ji Dogara. "Yau ina za mu kalla? Yamma, ko gabas irin ta ranar Juma'a?"

Zulkiflu ya juyo a hankali.

"Ban gane ba, Yaya."

Dogara ya taka ya ɗaga kwanon raƙuma ya yi jifa da shi. Kowa ya matso. Suka dubi tsohon gurbin, suka dubi inda goshin ya nufa, suka dubi sabon da Zulkiflu ya buga yanzu. Ba wanda ya buƙaci bayani. Zulkiflu ya cusa hagunsa a aljihu.

"Kai ka yanka ta, kai ka haɗa ta, shi ya sa kake da naka mukullin," in ji Dogara. "Ka shiga ƙarƙashinta ka shaidi aikin hannunka. Ka ci tuwo kwano ɗaya da Auta, ka san lokacin da yake barin ƙofa. Jiya kuma ka ce mu yi masa addu'a. Addu'a! Kai!"

Zulkiflu ya durƙushe.

"Marwan ne, Yaya. Ya ce ba wanda zai gane. Da maganar Bature ta zo ya ce in ba mu yi haka ba dukanmu mun tafi. Na ɗauka korar Auta kawai za a yi, ban san za a kai ga 'yan sanda ba."

"Ƙarya kake yi. Ka sani."

Malam Ɗantala ya waiga ya ga Bu Jasim yana tahowa. Bu Jasim bai jin Hausa, kuma bai ga gurbin ba tukuna. Dattijon ya kama hannun Dogara, ya sassauta murya.

"Dogara, don girman Allah. Ka riga ka nuna mota ɗaya ce, Auta ya kusa fita. Ka ce Marwan ne da wani yaronsa da ba mu sani ba. Ka rufa mana asiri, mijin 'yata ne."

"Ya kusa fita? Marwan yana can yana rantsuwa Auta ne ya tuƙa. In ban nuna wanda ya tuƙa ba, wa za a kama?"

"Za mu san yadda za mu yi. Mu 'yan gida ne, ba a tona wa juna a gaban baƙo."

"Jiya a ɗakinka ba haka ka ce ba, Malam."

Direbobin suka sa baki, kowa yana cewa a yi haƙuri, a duba zumunci. Ɗaya har ya fara matsawa da ƙafa wajen tsohon gurbin. Aruna ya sha gabansa ya ture shi.

"Taka shi ka gani, masa."

Bu Jasim ya iso, ya dubi wanda ke durƙushe, ya dubi dattijon da ke riƙe da hannun makiyayinsa.

"Me suke cewa, Dogara? Wannan mene ne a ƙasa? Wane ne yake salla ya ba Ka'aba baya?"

Auta bai roƙa ba, bai zagi kowa ba, yana tsaye yana kallon yayansa kawai, har yanzu ƙasar taimama tana goshinsa.

"Yaya Dogara," Zulkiflu ya ce ƙasa-ƙasa, hawaye na zuba, "ina da 'ya'ya ƙanana. Ina da tsohuwa a Kano."

"Shi kuma Auta daga sama ya faɗo?"

Dogara ya fizge hannunsa daga riƙon Malam Ɗantala. Ya san daga yau ba shi da wurin zama a ɗakin Mansura, ba mai sake miƙa masa kwanon tuwo, kuma har Maigatari za a kai labarin cewa shi ne ya miƙa ɗan'uwa ga Larabawa. Ya sunkuya ya zaro hagun Zulkiflu daga aljihu. Zulkiflu ya yi ta turjewa, amma hannun da ke riƙe raƙumi ba ya sakin bakanike. Ya ja shi har bakin tsohon gurbin, ya danna tafin a ciki. Ya zauna daram, karkataccen yatsan ya faɗa raminsa.

"Namu ne, Allah ya ja da ranka," in ji Dogara da Larabci, a hankali, don kada kalma ɗaya ta ɓace. "Ga hannun da ya tuƙa motar. Ka saki mai gadinka."

Bu Jasim ya ciro waya. Malam Ɗantala ya juya wa Dogara baya, direbobin suka bi shi. Dogara bai kalle su ba, ya tsuguna ya yi tasa taimamar. Ya kama kafaɗar Auta ya juya shi yamma, ya tsaya a gefensa, Aruna ya matso ya cike sahu, su uku suka tayar da la'asar.